Taba, Kanwa Da Gyambon Da Ya Ƙi Warkewa: Abubuwan Da Ke Janyo Sankarar Baki

A yawancin kasuwannin karkara na ƙasar Hausa akwai wata 'yar rumfa can gefe, galibi kusa da 'yan goro, inda ake kasa busasshen ganyen taba, da garinta a kwalabe ko a ƙullin leda, da 'yan dunƙulen kanwa a faifai. Masu saye ba sa daɗewa. Dattijo zai miƙa 'yan canjinsa, ya ɗebi garin da yatsu biyu, ya ja leɓen ƙasa ya cusa, ya gyara da harshe, ya kama gabansa. Direban babbar mota zai sayi na tafiyar kwana biyu. Tsohuwa ba ta zuwa da kanta, jika take aikowa.

Babu mai kallon waɗannan mutane da ido irin wanda ake kallon matashin da ya kunna sigari a bakin titi. Ba hayaƙi, ba wari mai damun na kusa, ba hoton gargaɗi a jikin leda. Da yawa daga cikinsu ma ba sa lissafa kansu cikin mashaya taba. In ka tambaya, amsar ba ta wuce "maganin haƙori ce", ko "tana kore barci", ko "tun ina yaro nake yi, ga ni nan garau".

Likitocin haƙori da na tiyatar fuska da muƙamuƙi suna ganin ƙarshen labarin. A ɗakunansu ake kawo mutum da gyambo a cikin kunci, ko a gefen harshe, ko a dasashi, wanda ya yi watanni ana masa magani ya ƙi warkewa. Sau da yawa gyambon yana daidai gurbin da mai shi ya shekara ashirin ko talatin yana ajiye taba.

Mece ce sankarar baki?

Ana kiranta sankarar baki, ko ciwon dajin baki, ko kansar baki. Tana iya kama leɓe, harshe, ƙarƙashin harshe, cikin kunci, dasashi ko ganda. Fiye da tara cikin goma na masu ita, cutar tana farawa ne daga siririyar fatar nan mai laushi da ta lulluɓe cikin baki, wato daidai wurin da duk abin da mutum ya ci, ya sha, ya tauna ko ya tsotsa yake fara taɓawa.

Alƙaluman Cibiyar Binciken Cutar Daji ta Duniya, IARC, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya kuma take da mazauni a birnin Liyon na Faransa, sun nuna cewa a shekarar 2022 mutum kusan 390,000 ne suka kamu da sankarar leɓe da ta cikin baki, kuma kusan 190,000 suka rasu dalilinta. Maza sun ninka mata fiye da sau biyu, kuma ta fi bayyana bayan shekara arba'in.

Ba ta faɗo wa mutum rana ɗaya. Ƙwayoyin halittar da ke fatar baki suna sabuntawa kullum. Idan wani sinadari mai cutarwa ya daɗe yana jiƙa su, yana lalata tsarin da ke gaya musu lokacin rabuwa da lokacin mutuwa. Jiki yana gyara yawancin ɓarnar, amma wadda ta kuɓuce tana taruwa shekara bayan shekara, har wata rana a sami ƙwayar da ta daina jin umarni. Daga ita tsiro yake farawa.

Shi ya sa masana suka fi magana kan abubuwan da ke ƙara haɗari. Wani zai yi duk abin da aka hana ya tsufa lafiya, wani bai yi ko ɗaya ba ya kamu. Amma idan aka tara dubban masu cutar aka duba tarihinsu, abubuwa kaɗan ne ke ta maimaita kansu, kuma taba ce kan gaba.

Aikin da kanwa take yi

Taba ta shigo Afirka ta Yamma wajen shekara ta 1600, kuma tun farkon zuwanta malaman Timbuktu, irin su Ahmad Baba, suka yi rubutu kan hukuncinta. Cikin ƙarni huɗu ta sami gindin zama. Ana zuƙar ta a lofe, ana shaƙar garinta, ana cusa ta a leɓe ko a kunci. Mata sun daɗe suna goge haƙora da furenta haɗe da goro don ado.

Duk inda ake cusa taba a baki, da wuya a cusa ta ita kaɗai. A ƙasar Hausa da Nijar ana haɗa ta da kanwa ko toka. A Sudan ana haɗa ta da kanwar da suke kira atrun. A Indiya da Pakistan ana sa mata farar ƙasa. Masu haɗin sun gano da gwaji abin da masana sinadarai suka bayyana daga baya: kanwa tana sakin nikotin, sinadarin da ke sa jarabar taba, ya ratsa fatar baki ya shiga jini da sauri. Taba mai kanwa ta fi kama jiki, saboda haka ta fi wuyar bari.

Nikotin shi ke ɗaure mutum, amma masu haddasa sankarar wasu sinadarai ne da ake kira naitirosamin, waɗanda ke samuwa a ganyen taba lokacin da ake shanya shi, a tara shi ya ruɓa, a ajiye shi ya tsuma. Gwargwadon daɗewar ruɓar da rashin kulawa wajen ajiya, gwargwadon yawansu. An gano sinadarai masu haddasa daji kusan talatin a taba marar hayaƙi, kuma IARC ta sa ta a rukuni na ɗaya, rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo daji ga ɗan'adam.

Mai sigari yana zuƙa ya fesar cikin 'yan mintuna. Mai cusawa yana barin ƙullin a wuri ɗaya, yawu yana jiƙa shi, sinadaran suna tsuma a kan fata ɗaya, sau goma ko fiye a wuni. Akwai masu kwana da ita a baki. Da farko wurin yakan yi fari ya yamutse, dasashi ya janye daga haƙori. Daga baya ne ake ganin abin da ya fi haka.

Wani babban bincike da aka gudanar a Nijeriya a 2012 ya nuna cewa kusan manya biyu cikin ɗari ne ke amfani da taba marar hayaƙi, wato mutum sama da miliyan ɗaya da rabi a lokacin. Sun fi yawa a karkara, cikin tsofaffi da waɗanda ba su yi karatun boko ba, wato mutanen da suka fi nisa da likitan haƙori.

Darasin tumbak a Sudan

Idan ana son ganin inda wannan hanya take kaiwa, Sudan ce wurin dubawa. A can sunanta tumbak. Ana noma ta mafi yawa a Darfur, daga wani nau'in taba mai ƙarfin nikotin, kuma garin Alfashir ya daɗe yana zaman babbar kasuwarta. Ana tara ganyen ya ruɓa, a niƙa, a ajiye shi watanni, sannan mai shago ya kwaɓa shi da ruwan atrun. Mai saye yana mulmula ɗan ƙulli a tafin hannu, wanda suke kira saffa, ya sa tsakanin leɓe da dasashi.

Tun shekarun 1990 masu bincike a Khartum suka auna tumbak, suka tarar yawan naitirosamin da ke cikinta yana daga cikin mafi yawa da aka taɓa gani a kowace irin taba a duniya, ninkin ba ninkin abin da ke cikin tabar leɓe ta Turai. Wata ƙidaya da aka yi a arewacin ƙasar ta nuna kusan namiji ɗaya cikin uku yana sa ta. Asibitocin Khartum kuma sun riƙa ganin sankara a leɓen ƙasa da dasashin ƙasa, daidai mazaunin saffa.

Wannan labari ya shafi Hausawa kai tsaye. Akwai al'ummomin Hausawa masu yawa a Mai Wurno, Sinnar, Gadarif da Kasala, zuriyar mahajjata da waɗanda suka yi hijira gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma suna zaune cikin al'ummar da tumbak ta zama ruwan dare. Haɗin nata, ganyen taba da kanwa, shi ne dai haɗin rumfar kasuwanninmu. A kudancin Saudiyya, yankin Jizan, da Yaman, irin wannan gari da suke kira shamma ya sa sankarar baki ta yi yawa har cikin mata.

Indiya, gutka, da tambayar goro

Kusan kashi ɗaya bisa uku na masu sankarar baki a duniya suna Indiya. A can, bayan taba, akwai wani ɗan itace mai suna areka, 'ya'yan wata bishiya dangin dabino, wanda ake yankawa a naɗe a ganye da farar ƙasa a tauna. An ƙiyasta masu tauna shi a duniya sun kai miliyan ɗari shida. Ko ba a sa masa taba ba yana haddasa daji, kuma yana jawo wata cuta da ke sa cikin kunci ya ƙandare har mutum ya kasa buɗe baki ya ci abinci.

Abin ya ta'azzara da kamfanoni suka fara haɗa areka da taba da kayan ƙamshi a 'yan ƙananan ledoji masu arha, da sunan gutka, har yaran makaranta suna saye. Daga 2012 jihohin Indiya suka shiga haramta ta ɗaya bayan ɗaya. Masu sana'ar sai suka raba haɗin gida biyu, areka a leda ɗaya, taba a ɗaya, mai saye ya haɗa da kansa. Sankarar baki ba ta bar manya ba: R. R. Patil, wanda ya taɓa zama mataimakin babban ministan jihar Maharashtra, da ita ya rasu a 2015.

Wani nazarin IARC da aka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 120,000 cikin waɗanda suka kamu da sankarar baki a 2022, wato kusan ɗaya cikin uku, taba marar hayaƙi da areka ne sanadinsu.

A nan mai karatu zai tambaya: to goronmu fa? Goro da areka bishiyoyi ne daban, ba su haɗa dangi ba, kuma goro ba ya cikin jerin abubuwan da IARC ta tabbatar suna haddasa daji. Inda matsala take shi ne abokin tafiyarsa. Mai cin goro da fure, ko mai bin goro da garin taba, tabar ce ke cutar da shi. Sannan jan da goro ke shafa wa baki yana iya rufe tabon da ya kamata a gani da wuri.

Sigari, shisha da giya

Hayaƙin sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da dubu bakwai, kuma kusan saba'in daga cikinsu an san suna haddasa daji. Kafin hayaƙin ya isa huhu, ta baki yake bi. Mai shan sigari ya ninka wanda ba ya sha haɗarin sankarar baki sau da dama, kuma haɗarin yana hawa da yawan karan da yake sha da yawan shekarun da ya yi yana sha. Lofe da tabar da ake naɗawa da hannu ba su fi sauƙi ba.

Shisha ita ce sabuwar ƙofa, musamman ga samari da 'yan mata na birane. Ƙamshin tufa ko na'ana'a, da ganin hayaƙin yana ratsa ruwa, sun sa da yawa suna zaton an tace shi. Ruwan sanyaya hayaƙin kawai yake yi, ya sa a iya zuƙa mai zurfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2005 cewa a zaman shisha na sa'a guda mutum yana iya zuƙar hayaƙin da ya kai na karan sigari ɗari ko fiye, ga kuma gubar gawayin da ake ɗorawa a kai.

Giya kuwa tun 1988 IARC ta sa ta a rukuni na ɗaya. Idan ta shiga baki, jiki da ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna juya ta zuwa wani sinadari mai lalata ƙwayoyin halitta. Babu bambanci tsakanin ta kwalba, ta leda, burkutu ko ogogoro. Yawan barasar da ke ciki shi ne ma'auni.

Mafi muni shi ne haɗuwar biyun. Giya tana tausasa fatar baki, ta buɗe wa gubar taba hanya. Mai yawan shan duka biyun haɗarinsa yana iya kaiwa ninki talatin na wanda ba ya taɓa ko ɗaya. A Turai da Amurka, kusan uku cikin huɗu na cututtukan dajin baki da maƙogwaro daga waɗannan biyun suke.

A arewacin Nijeriya akwai wani ƙarin cikas. Saboda addini da kunya, mai shan giya a ɓoye yake sha, kuma ko a gaban likita, musamman in ɗansa ko matarsa na tsaye, cewa zai yi bai taɓa ba. Haka tsohuwa mai taba a kunci. Likitan da bai san gaskiya ba yana iya ɗaukar gyambon da wasa.

Waɗanda ba su taɓa shan komai ba

Likitocin Nijeriya sun daɗe da lura da wani abu. Nazarce-nazarcen da aka yi a asibitocin koyarwa, ciki har da na Inugu da Ibadan, sun nuna cewa kaso mai yawa na masu sankarar baki ba mashaya taba ba ne, ba kuma mashaya giya ba. Abin da ya fi haɗa su shi ne talauci. Wannan ya sa dole a duba sauran dalilai.

Na farko shi ne abinci. Bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa masu ƙarancin cin ganye da 'ya'yan itace sun fi kamuwa. Wanda abincinsa tuwo ne da miyar da ba ta da wani ganyen kirki, safe da dare, fatar bakinsa ba ta samun abin gyara kanta. Matsanancin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, wanda ya yi yawa ga mata, shi ma yana raunana ta. Zogale, rama, alayyafo, yalo, tumatir, gwaiba, mangwaro da lemo duk suna cikin abin da ake nufi.

Na biyu ƙwayar cutar HPV, wadda aka fi sani da haddasa sankarar bakin mahaifa. Nau'inta mai lamba 16 yana kama can ƙarshen baki, tushen harshe da 'yan wuya, kuma ta hanyar saduwa ake ɗaukarsa, har da saduwa ta baki. A Amurka kusan bakwai cikin goma na sankarar wannan wuri daga gare ta suke, kuma masu ita galibi ba su tsufa ba, ba sa shan taba. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV kyauta a watan Oktoban 2023.

Na uku rana. Leɓen ƙasa yana shan zafinta fiye da na sama, kuma masu wuni a fili, manoma, makiyaya da masunta, sun fi fuskantar haɗarin. Baƙar fata tana ba da kariya mai yawa, amma zabiya ba shi da wannan kariya, shi ya sa malfa da man kare fata suke zama masa kamar magani.

Na huɗu raunin garkuwar jiki. Masu cuta mai karya garkuwar jiki da ba sa shan magani, da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suke shan magungunan danne garkuwa, sun fi saurin kamuwa.

Akwai kuma rashin tsaftar baki, ciwon dasashi da ya daɗe, karyayyen haƙori mai kaifi da ke yankar harshe, da haƙorin roba da bai zauna daidai ba. Ana yawan samun waɗannan tare da cutar, kuma masana suna ɗaukar su a matsayin masu taimaka wa sauran dalilan. Ko ba komai, suna ba mutum uzurin da zai ce "haƙori ne ke gurza ta", ya ƙi zuwa asibiti.

Ya kamata a bambance wannan cuta da wasu biyu da ke kama yara. Kumburin muƙamuƙi mai saurin girma da likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958 daji ne na daban, mai alaƙa da zazzaɓin cizon sauro. Cutar noma kuwa, mai cin fuskar yara, wadda ake da asibitinta na musamman a Sakkwato, ba daji ba ce; yunwa da ƙwayoyin cuta ke kawo ta.

Kowa da hujjarsa

Masu sayar da garin taba suna cewa sana'ar gado ce, da ita aka ciyar da su, kuma ba su tilasta wa kowa ba. Manomin da ke shuka ta a fadama yana ganin ta fi wasu amfanin gona kawo kuɗi a hannu. Masu sa ta suna da hujjar da ba ƙarya ba ce gaba ɗaya: tana dusashe zafin haƙori na ɗan lokaci. Amma ramin haƙorin yana nan, kuma a garin da babu likitan haƙori, abin da aka fara don ciwon mako guda yakan zama na har abada. Sabo turken wawa.

A Turai ma akwai muhawara. Mutanen Suwidin suna da tabar leɓe da suke kira snus, wadda ake dafawa a maimakon a bar ta ta ruɓa, a kuma ajiye ta cikin sanyi, don haka gubarta ba ta da yawa. Wasu masana suna ganin ta taimaka wa mazan ƙasar barin sigari. Wasu suna ganin wata hanyar ce ta kama matasa da jarabar nikotin, kuma Tarayyar Turai ta haramta sayar da ita tun 1992, in ban da Suwidin da aka yi wa togiya lokacin da ta shiga. Ko wane ɓangare ya fi gaskiya, babu mai kawo wannan hujja don kare tumbak, shamma ko garin tabar kasuwa, waɗanda babu mai auna abin da ke cikinsu.

Malaman addini da yawa a yau suna hana taba saboda cutarwarta, wasu suna cewa makaruhi ce. Sai dai wa'azin yakan tsaya kan sigari da kayan maye na matasa. Da wuya a ji an ambaci abin da ke kuncin dattijon da ke sahun gaba.

Cutar da ido ke gani, amma ake kai ta a makare

Sankarar hanta ko ta hanji tana ɓoye a ciki, sai da na'ura. Ta baki a fili take. Madubi da hasken waya sun isa a ga alamunta na farko: gyambon da ya wuce mako biyu zuwa uku bai warke ba, farin tabo da ba ya gogewa, jan tabo mai santsi, wanda ya fi farin haɗari, ƙullutu ko tauri a harshe ko kunci, haƙorin da ya fara girgiɗi ba dalili, ramin haƙorin da aka cire ya ƙi rufewa, mutuwar leɓe, wahalar haɗiya, kaluluwa a wuya mai tauri da ba ta zafi.

Rashin zafin shi ne tarkon. A farkonta ba ta ciwo, sai mutum ya ce zafi ne ya fito masa. Daga nan sai kemis, a ba shi kafso da maganin kurkure baki. In bai ji sauƙi ba, sai mai maganin gargajiya. In ya ci gaba, a fara zancen sammu ko jifa. Ga kuma maganar nan da ta zauna a zukatan mutane, wai "daji ba ya son ƙarfe", wadda ke sa a guji allura da tiyata, har a ƙi yarda likita ya yanki 'yar tsoka a kai ɗakin gwaji, alhali da wannan gwajin ne kaɗai ake tabbatar da cutar.

Bambancin da jinkiri ke kawowa babba ne. Idan an kama ta tana ƙarama ba ta bazu ba, kusan takwas cikin goma suna wuce shekara biyar a raye, kuma sau da yawa 'yar tiyata ta wadatar. Idan ta bazu zuwa wasu sassan jiki, ba su kai huɗu cikin goma ba, ko a ƙasashe masu kayan aiki. A asibitocin Nijeriya yawancin marasa lafiya a matakin ƙarshe suke zuwa.

A wannan mataki magani yana nufin cire wani ɓangare na harshe ko muƙamuƙi, sannan gashi da na'ura na makonni, da allurai masu tsada. Cibiyoyin gashin kaɗan ne, irin na Zariya, Sakkwato da Abuja, ga layi, ga lalacewar na'ura. Nijar sai a 2021 ta buɗe cibiyarta ta farko a Yamai. Iyali kan sayar da gona da dabbobi, wanda ya rayu kuma ya koma gida da wahalar magana, tauna da haɗiya.

Abin da za a iya yi

Labari mai daɗi shi ne haɗarin yana sauka idan an bari. Wanda ya daina shan taba, cikin shekara biyar zuwa goma haɗarinsa yana raguwa da kusan rabi, bayan shekara ashirin kuma yana kusantar na wanda bai taɓa sha ba. Dattijo mai shekara hamsin da ya ajiye ta yau bai makara ba.

Doka tana nan a takarda. Dokar Taƙaita Shan Taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma ce taba marar hayaƙi sai a cikin ƙunshin da bai gaza giram 30 ba. Nijar tana da tata dokar tun 2006. Amma kowane mai tebur yana sayar da kara ɗaya, kuma garin tabar kasuwa ba shi da kamfani, ba shi da lamba, ba shi da gargaɗi. Wayar da kai a rediyo, a masallaci da majami'a, a tashar mota da ranar kasuwa, ita za ta isa inda jami'in doka ba ya isa, muddin an kira garin taba da sunansa.

Akwai kuma darasi daga jihar Kerala ta Indiya. Daga 1996 aka horar da ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba, suna bi gida-gida suna duba bakin mutane da ido da fitila, suna tura wanda suka ga alama asibiti. Sakamakon da aka wallafa a 2005 ya nuna mace-macen sankarar baki sun ragu da kusan kashi ɗaya bisa uku a tsakanin masu taba da masu giya.

Nijeriya tana da likitocin haƙori 'yan dubbai kacal ga mutum sama da miliyan ɗari biyu, yawancinsu a manyan birane. Amma tana da dubban ma'aikatan lafiya na matakin farko a ƙananan asibitocin karkara, kuma dubawar ba ta wuce minti biyar. Idan aka koya musu su tambayi duk wanda ya haura arba'in ko yana sa taba, su ce ya buɗe baki ya ɗaga harshe, su kuma san asibitin da za su tura shi, za a riƙa kama cutar tun tana tabo. Masu kemis da wanzamai, waɗanda su ake fara kai wa ciwon baki, ƙa'ida ɗaya ta ishe su: gyambon da ya kai mako uku ba nasu ba ne, a tura shi asibiti.